Hannu a Kan Ƙafar Malam Idi

A shekarar da ba wanda ya tafi aikin Hajji daga ƙasar nan, shekarar da korona ta sa kowa ya ɗaure hanci da baki har cikin kasuwar Mokolo, ina aikin tura marasa lafiya a wata kilinik mai zaman kanta a nan Yawunde. Da Faransanci ana ce wa mai wannan aiki barankadiye. A unguwarmu Briketeri kuwa ba mai wahalar da harshensa, Garba mai tura gado ake ce mini har yau.

Samarin unguwa idan sun gan ni da farar riga sukan ce, "Kawu Garba, wannan ma aiki ne? Ka tura, ka tsaya, ka sake turawa." Wasu har roƙona suke yi in nema musu. Saboda su na zauna na rubuta wannan, domin wanda zai shiga ya san abin da zai tarar.

Kafin kilinik amalanke nake turawa a Mokolo, wadda muke ce wa pus-pus. Albasa, doya, agade, buhunan shinkafa, ba abin da ban hau tudun unguwar Madagaskar da shi ba. Da na sami aikin kilinik sai na ɗauka ai turi turi ne. Wadda aka fara ba ni wata tsohuwa ce da ta karye a ƙugu. Na kama gadon na tafi da ƙarfina, tayar gaba ta daki dokin ƙofa, tsohuwar ta yi wata ƙara da har yau ina jin ta. Wani dattijo ya dafa gadon da hannu ɗaya ya tsayar da shi. Shi ne Pa Etiyen, babba a cikin masu tura gado, Kirista ne ɗan kudu, gajere mai furfura. Ya ce, "Sofri sofri, Garba, a hankali. Albasa ba ta da uwa. Wannan tana da 'ya'ya a bakin ƙofa."

A hannunsa na koyi aikin. Ya koya mini cewa idan za ka tsallake dokin ƙofa sai ka juya ka shiga da baya, manyan tayu su fara hawa. Idan gangara ce kai ne a ƙasa, gadon yana bin ka. Ba a ɗaga mutum sai an faɗa masa za a ɗaga shi, ko da idonsa a rufe yake. Ba a barin zani ya zame daga jikin mace a baranda. Birki kafin komai, birki bayan komai. Mai ciwon gwiwa kuma ba a jan sa ta hannu don ya miƙe. Ka sa masa lafiyayyar ƙafar a baya kaɗan, ka ba shi kafaɗarka, ka bar shi ya tashi da lokacinsa. In ya kwanta ka cusa masa matashi a ƙarƙashin gwiwar, domin irin wannan gwiwa ba ta miƙewa sarai, in ka danne ta sai ka ga dattijo yana cizon leɓe.

Da kilinik ta sayi injin ɗaukar hoton cikin jiki, wanda suke ce wa I-Er-Em, ni da Pa Etiyen aka ba mu ƙofarsa. Injin nan kamar ƙatuwar ganga ce a kwance, da rami a tsakiya, da gado siriri mai shiga cikin ramin. A cikinsa akwai mayen ƙarfe mai ƙarfin gaske wanda ba ya barci, ko ana aiki ko ba a yi. Duk ƙarfen da ya shiga ɗakin sai ya fizge shi. Saboda haka keken da muke tura mutane ciki daban ne, ba irin na baranda ba, kuma ni kaina wando mai tazuge nake sawa, ba bel, ba agogo, ba ko sulalla a aljihu.

Binciken jikin mutum kafin ya shiga shi ne rabin aikin, kuma mutanenmu sun fi kowa wuyar bincike. Mai gasa soya, wato tsire, zai rantse ba ƙarfe a jikinsa, ga wuƙa a ƙugu ya manta da ita saboda sabo. Mace za ta cire 'yan kunne da warwaro, ta bar fil a ƙarƙashin ɗankwali. Kwalli ma sai an wanke shi idan kai za a ɗauka. Sai kuma laya. Ba ka san abin da ke cikinta ba, kuma ba a buɗe ta. Ba a kuma fizge ta. Ka sunkuya ka yi wa mai ita magana a hankali, shi zai cire da hannunsa, ya sa a faranti, ka rufe da ƙyalle mai tsabta, ka ajiye inda zai gani da ya fito. Wanda bai iya wannan ba, rabin mutanen Briketeri za su juya daga bakin ƙofa.

Ana cikin haka wata likita ta fara wani bincike a kan masu ciwon gwiwa irin na tsufa, wanda suke kira artroz. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ne yake cinyewa, ƙashi ya dinga gugar ƙashi. Mu Dokta kawai muke ce mata, doguwar mace mai tabarau, ba ta da yawan magana. Akwai wata allura da ake yi a cikin gwiwar, tana so ta san ko tana rage ciwo da gaske. Tana jin Faransanci da Ingilishi da harshen garinsu, ba ta jin Hausa, sai ni na zama bakinta idan mutanen unguwarmu sun zo.

Wata rana ta kira ni ta ce, "Garba, akwai abin da ban gane ba. Duk wanda na tambaya cikin mutanenku, kafin allura da bayan allura, amsa ɗaya kake kawo mini, ça va mieux. Har wanda aka ɗauko a kujera."

Na ce mata haka suke faɗa, "da sauƙi" ke nan da Faransanci. A wurinmu idan an tambayi mara lafiya jiki, "da sauƙi" zai ce, ko da ransa na bakin fita. Faɗin ciwo ga baƙo kamar ƙorafi ne a kan abin da Allah ya ɗora maka. Balle kuma likita ta yi ɗawainiya ta yi maka allura, sannan ka dube ta ka ce ba ta yi aiki ba? Ba dattijon da zai yi haka.

Ta ce ta san mutane ba sa faɗin ciwo iri ɗaya, shi ya sa ba ta so ta dogara da baki kaɗai. Ta yi mini bayani, ni kuma na riƙe don in dinga maimaitawa. Ciwo a gwiwa yake tashi, amma a ƙwaƙwalwa ake jin sa. Idan an matsa gwiwar, wasu wurare a cikin kai sukan ƙara aiki, jini ya ƙaru a wurin, injin kuma yana iya nuna haka. Za a ɗauki hoton kai ana matsa gwiwa kafin allura, a sake ɗauka bayan wasu makonni, a gwada biyun. Dokar binciken ita ce sai mai hoto biyu zai ci gaba a ciki, kuma ta cikin binciken ne kaɗai talaka zai sami wannan allura.

Malam Idi tela ni na kawo shi da kaina. Shagonsa yana layin teloli, ba nisa da masallacinmu. Bazazzagi ne, ya zo Yawunde tun yana saurayi, ya tsufa a kan keken ɗinki na ƙafa, domin ya ce ba zai zauna jiran wuta ba. Matarsa ta rasu, 'yarsa na aure a Garwa, ɗansa ya tafi Gabon neman kuɗi. Shi kaɗai yake kwana a wani ɗan ɗaki bayan shagon. Duk wanda ya rasu a layinmu shi ke ɗinka likkafaninsa, ba ya karɓar komai. Ubana Bakano ne, don haka tun ina yaro Malam Idi "bawana" yake ce mini, ni kuma sai in ce Bazazzagi bai taɓa sayen ko akuya ba balle mutum.

Gwiwarsa ta dama ta kumbura ta lanƙwashe. Keke ya fara gagararsa, amma ba shi ne abin da ya dame shi ba. Ya shekara biyu yana salla a kan farar kujerar roba a ƙarshen sahu, yana nuni da kai a maimakon sujada. A cikin taksi ya ce mini, "Bawana, ni ba gudu nake so in yi ba. Goshina nake so ya taɓa ƙasa kafin azumi. Kujerar nan ta mai jiran mota ce, ba ta mai salla ba."

Da na fassara masa bayanin Dokta sai ya dube ta, ya dube ni. "Gwiwa ke ciwo, kai za a duba? To ka tambaye ta, in wando ya yage a gwiwa, hula ake kawo wa tela?"

Na fassara. Dokta ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce in gaya masa gwiwar ma za a duba ta, amma tunda bakinsa ya ƙi faɗa mata gaskiya, za ta tambayi kansa.

Ya ce, "Wannan yarinyar ta san Hausawa."

Na bincike shi a bakin ƙofa. Ya ce ba komai a jikinsa. Na ciro allurar ɗinki biyu a bakin hularsa, ɗaya a wuyan riga, da wani ɗan almakashi da yake ratayawa a wuya da igiya. Na zuba su a faranti. Na kwantar da shi, na sa matashi a ƙarƙashin gwiwa, na toshe masa kunnuwa. Mai kula da injin ya ɗaura masa wata ɗamara mai hura iska a gwiwar, irin ta awon hawan jini, ya kifa masa wani abu kamar keji a kan fuska don kada kai ya motsa. Aka damƙa masa ƙwallon roba a hannu, aka ce in ya ji ba zai iya ba ya matsa. Gadon ya shige da shi cikin ramin, muka fita muka ja ƙofa.

Ko injin bai fara ƙara ba ya matsa ƙwallon. Muka koma muka jawo shi. Goshinsa duk gumi.

Ya ce, "Garba." Bai ce bawana ba. "Wannan ai kabari ne. Ni nake auna mutane in ɗinka musu, na san faɗinsa. Ba zan shiga da raina ba."

Pa Etiyen yana tsaye a bakin ƙofa. Ya kira ni gefe ya ce, "Ka zauna da shi a ciki. Ƙafafunsa a waje suke. Ka ɗora hannu a idon sawunsa, kada ka shafa, kada ka matsa. Ya dai san akwai mutum." Ya ce haka yake yi wa masu tsoro tun kafin a san da wannan inji, a ƙofar ɗakin tiyata.

Dokta ba ta yarda nan take ba. Ta ce hannun ma ƙwaƙwalwa za ta ji shi, zai shiga cikin hoton. Daga baya ta ce to, a yi, amma a lafiyayyar ƙafar, kuma ranar hoto na biyu sai an sake yin haka daidai, hannu ɗaya a wuri ɗaya, in ba haka ba hotunan ba za su gwadu da kyau ba.

Na ce, "Baba, zan riƙe ƙafarka. Matuƙar kana jin hannuna, ba a tafi an bar ka ba."

Ya ce, "Bakano a bakin kabarina. To Allah ya sa kada ka sayar da takalmana."

Na toshe kunnuwana, na tsaya a gindin gadon, na ɗora tafin hannu a idon sawunsa na hagu. Injin ya fara. Ƙararsa kamar maƙera goma suna dukan ƙarfe a ɗaki ɗaya, ta tsaya, ta canja murya, ta sake tashi. Ɗakin sanyi ne da shi kamar cikin firji. Duk lokacin da ɗamarar ta cika da iska ta matse gwiwar, ina jin jijiyar ƙafarsa ta ɗaure a ƙarƙashin hannuna, sannan ta saki. Ba a so ka motsa, ba a so ka jingina da gadon. Hancinka zai yi ƙaiƙayi, kafaɗarka za ta ƙage, bayanka zai riƙe, kuma tsayuwar ta fi huɗubar Juma'a tsawo. Ku da kuke cewa aikin tura gado ba wuya, ku gwada ɗora hannu a wuri ɗaya haka, ba nauyi ba sako-sako, ku ga.

Bai matsa ƙwallon ba har aka gama.

Dokta ta nuna masa hoton a allon kwamfuta. Ga ƙwaƙwalwa fari da toka-toka, ga wasu ɗige-ɗige ja da rawaya a wurare. Ta ce nan ne ya ƙara aiki lokacin da aka matsa gwiwar. Malam Idi ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "To, ga shi kun gani da idonku. Ba sai na faɗa ba ke nan."

Ta ce in gaya masa hoto ɗaya bai isa ya faɗi komai ba, sai ya sami ɗan'uwansa, kuma sai an haɗa da na sauran mutane. Aka yi masa allurar a ranar, aka sa masa lokacin dawowa, ana saura kaɗan a fara azumi.

Tsakanin hoton farko da na biyu cutar ta shigo. Aka rufe iyakoki, aka hana taro, jam'i ya ragu a masallatai har wasu suka rufe. A kilinik aka ce masu shekaru su zauna a gida. Pa Etiyen ya naɗe farar rigarsa ya ba ni, ya tafi ƙauyensu. Ni kaɗai na rage a ƙofar injin. Iyalina na tura su Ngaundere wurin iyayen matata. A unguwa kowa ya san inda nake aiki. Mai shayin da na shekara goma ina karyawa a wurinsa ya ware mini kofi daban, yana ajiye shi a ƙarshen tebur. In na zauna a benci sai a tuna da wani uzuri. Ban ga laifinsu ba. Na koma sayen burodi in shiga ɗaki.

Sabuwar doka ta fito a kilinik: ba mai rakiya, ba mai zama da mara lafiya a ɗakin inji, ba taɓawa sai dole, kuma da safar hannu a gama da sauri. Dokar ba ta mugunta ba ce. Ni ina taɓa masu tari tun safe, Malam Idi kuwa tsoho ne.

Ranar da ya dawo ana ruwa. Ya sauko daga taksi da sanda, da takunkumin da ya ɗinka wa kansa da ragowar shadda. Na lura ya ƙi hawa keken marasa lafiya, ya taka da ƙafarsa har ƙofa, amma ban sani ba ko sauƙi ne ko taurin kai. Dokta ta tambaye shi ciwon, daga zero zuwa dis, wato sifili zuwa goma. Ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Na fassara. Ta dube ni ta saman tabarau.

Daga nesa na miƙa masa faranti, ya zare alluransa da kansa, ya cire almakashin. Sannan na faɗa masa yau ba zan shiga ba.

Ya ce, "Wa zai riƙe ƙafar?"

Na ce ba kowa, amma akwai abin magana, zan zauna a bayan gilashi ina yi masa magana, zai ji ni a ciki. Dokta ta ce hoton ba zai yi daidai da na farko sosai ba, amma gara shi da babu, kuma zai riƙe masa gurbinsa.

Ya dubi ƙofar ɗakin injin. Ya ce, "To, mu gwada. Azumi ya kusa."

Gadon ya shige da shi. Na kama abin maganar ina cewa, "Baba, ga ni nan. Baba, ina ganin ƙafafunka. Ka yi haƙuri, an fara." Injin ya tashi da ƙara. Ta gilashi ina ganin 'yan yatsun ƙafarsa suna lanƙwashewa. Ya jure zagaye na farko. Mai kula da injin ya ce kan yana motsi, hoton na lalacewa. Na ce, "Baba, kada ka motsa, saura kaɗan." Sai ƙararrawar ƙwallon ta tashi, ta ci gaba da tashi, bai saki ba har aka jawo shi.

Ya zauna a bakin gadon yana haki. Ina tsaye a bakin ƙofa, inda doka ta ce in tsaya.

Ya ce, "Ka san abin da na ji? Murya daga sama tana kiran sunana, ba hannu, ba kowa. Na ce shi ke nan, sun juya sun tafi, saura masu tambaya." Ya yi ƙoƙarin dariya. "Kuma da muryar Bakano. Na ce lallai aikina bai yi kyau ba."

Ba a sake gwadawa ba a ranar. Ya kwashi alluransa ya fita cikin ruwa, ya manta almakashin a faranti.

Dokta ba ta bar maganar ba. Ta nemi izini in shiga da rigar kariya da safar hannu, in riƙe ƙafar kamar da. An ɗauki lokaci, amma izinin ya fito. Kafin ranar da aka sa masa, injin ya tsaya. Ashe akwai wani gas mai tsananin sanyi da ke riƙe da mayen ƙarfen, ya yi ƙasa, kuma mai kawo shi da mai gyaran duk daga waje suke zuwa, ga iyaka a rufe. Aka kulle ɗakin. Binciken ya tsaya cik. Ba da daɗewa ba kilinik ta rage ma'aikata, ina ciki. Na ari pus-pus na koma Mokolo, a kasuwar da rabin rumfunanta ke rufe.

Cikin azumi na kai wa Malam Idi almakashinsa. Shagon a rufe, an lulluɓe keken da tsohon zani. Na same shi a ɗakin baya, zaune a kan farar kujerar nan, ya kawo ta daga masallaci. Na tsaya a bakin ƙofa muka gaisa. Na ce yaya ƙafa. Ya ce da sauƙi.

Na ce, "Baba, ba Dokta ba ce ke tambaya. Ka gwada sujadar?"

Ya dubi tabarmar da ke jingine a bango. Ya ce, "Sau ɗaya, a farkon azumi, da la'asar. Saukar ta yi, bawana. Goshina ya taɓa ƙasa, na ji ƙanshin tabarma. Tashin ne ya gagara. Ina nan kwance a gefe har matar maƙwabci ta aiko da kunun buɗa-baki, aka kira maza suka ɗaga ni."

Na ce ko allurar ce ta sa ya iya sauka.

Ya ce, "Wa ya sani? Ko ita ce, ko ni ne na matsa wa kaina. Ai abin da za ku duba ke nan."

Na miƙa masa almakashin. Ya ce in mayar da shi farantina, ai yana nan dawowa da an gyara injin, kada a sha wahalar cirewa sau biyu.

Bayan babbar salla ya rasu. Ba a ce korona ba ce, ba a ce ba ita ba ce. Maƙwabta ne suka ga bai buɗe ƙofa ba. Ɗansa ba hanyar zuwa daga Gabon, 'yarsa ta iso bayan an gama komai. Wani tela a layin ya ɗinka likkafanin. Mutumin da ya yi wa unguwa duka sutura, waɗanda suka raka shi ba su cika sahu biyu ba, kowa da takunkumi, kowa nesa da ɗan'uwansa. Da aka zo saka shi aka tsaya ana duban juna, wa zai shiga ramin. Ɗaga mutum da kwantar da shi aikina ne, sai na sauka. Wani ya kama wajen kai, ni na kama ƙafafu. Na faɗa masa za mu sauke shi, kamar yadda Pa Etiyen ya koya mini. Gwiwar dama ba ta miƙe ba, na gyara mata wuri a jikin ƙasa. Na bar hannuna a idon sawunsa har sai da aka miƙo itacen farko na rufi, aka ce in fito.

An gyara injin daga baya, an mai da ni aiki, ina ƙofarsa har yanzu. Dokta ta sami aiki a wata ƙasa, binciken bai tashi ba. Wanda ke son aikin nan ya zo, zan koya masa birki da dokin ƙofa cikin mako guda. Sauran sai a hankali.

Ga abin da shekarar ta tafi da shi. Mutum goma sha ɗaya na kai daga unguwannin Briketeri da Ekudu aka ɗauki hoton kansu na farko, huɗu ne suka sami na biyu. Cikin bakwai da suka rage, biyu sun koma arewa, biyu sun rasu, uku suna nan suna salla a kujera. Na rasa albashin wata bakwai. Pa Etiyen bai dawo ba, rigarsa na wurina. Keken Malam Idi an sayar, shagon ya zama wurin cajin waya. Almakashinsa yana cikin farantin, a ƙarƙashin ƙyalle. Hoton kansa guda ɗaya ne, kuma a kan ko allurar ta yi masa aiki, amsar da ta rage a duniya ita ce wadda ya bayar da bakinsa: da sauƙi.